A koya wa ɗalibanmu injin jirgi da zafin Kano da ƙurar hunturu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni Bakano ne, amma shekara 17 ke nan ina neman abinci a Jidda, a warshar da ake kwance injinan jiragen sama a gyara a mayar. Abin da ya sa na rubuto muku shi ne ɗan yayata da ya zo Umara cikin azumin da ya wuce, ya sauka gidana. Yana ajin ƙarshe na karatun injiniya a wata jami'a a Arewa, kuma yaro ne mai kai.

Wata rana bayan tarawihi na ce ya bayyana mini yadda injin jet yake aiki. Nan take ya zana mini zagayen Brayton a takarda: kwamfireso ya matse iska, a zuba mai a kunna wuta, iskar mai zafi ta juya filafilan tabayin, tabayin ya juya kwamfireso da babbar fankar gaba, sauran ta fita ta baya ta tura jirgi. Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Sai na tambaye shi: to idan ƙura ta ci bakin filafilan kwamfireso, aikinsa ya ragu da kashi 2 cikin 100, me zai faru da mai, me zai faru da zafin hayaƙi? Ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, mu a allo kawai muka san shi."

Maganar ta tsaya mini a rai, domin ba laifinsa ba ne. Ba kuma zan ce makaranta ta sayo inji ba, tunda injin babban jirgi ɗaya miliyoyin daloli ne. Amma kamfanonin da ke ƙera injinan su kansu, kafin su narka ƙarfe, a kwamfuta suke fara gina injin. Akwai manhajoji na kwaikwayon inji da aka yi domin wannan. Hukumar NASA ta Amurka ta samar da NPSS, cibiyar binciken jiragen sama ta Holan ta yi GSP, wani injiniyan Jamus mai suna Joachim Kurzke ya rubuta GasTurb. Waɗannan galibi sai da lasisi. To amma NASA ɗin ta saki pyCycle kyauta a intanet, da yaren Python aka rubuta shi, kwamfutar cinya ta ɗalibi ma tana ɗaukarsa.

A daren nan na buɗe tawa kwamfutar muka haɗa inji mai sanda biyu, wato sandunan da ke haɗa tabayin da kwamfireso da fanka, irin na jiragen da ke jigilar fasinja. Muka fara da yanayin da littattafai suke ɗauka a matsayin ma'auni, wato digiri 15 a ma'aunin salshiyos, a daidai da teku. Na ce masa yaushe rabon da ka ga digiri 15 da rana tsaka a Kano? Ya yi dariya. Muka ɗaga zafin zuwa 45. A irin wannan zafi iska tana yin sako-sako, nauyinta ya ragu da kusan kashi 10 cikin 100, injin kuwa da nauyin iskar da ya haɗiya yake aiki. Yawancin injina suna riƙe cikakken ƙarfinsu har zuwa wajen digiri 30, daga nan dole ƙarfi ya riƙa sauka domin kada tabayin ya ƙone. Ya ga layin ƙarfin injin a fuskar kwamfuta yana tafiya a miƙe, ya zo ya karye ya gangara. Muka ɗauke injin muka kai shi Abha, inda filin jirgi yake sama da mita 2,000 daga teku, ƙarfi ya sake faɗuwa. A nan ya gane dalilin da ya sa wani lokaci ake rage wa jirgi kaya idan zai tashi da azahar a bazara. Gani ya kori ji.

Inda na fi so malamanmu su sa ido shi ne maganar ƙura. Wutar da ke shiga tabayin injin zamani tana haura digiri 1,500, ta fi ƙarfin abin da ƙarfen filafilan zai jure. Abin da ke ceton su ƙananan huduji ne kamar na allura, da iska mai ɗan sanyi take bi ta lulluɓe su. Yashi idan ya shiga, da farko yana goge filafilan kwamfireso kamar sanfefa, wanda ya wuce murhun injin, inda mai yake ci da wuta, kuma ya narke ya zama kamar gilas, ya liƙe, ya toshe hudujin. Da idona nake ganin wannan duk lokacin da muka zura kyamarar leƙen ciki. Injin da ya gaji haka sai ya ƙara shan mai kafin ya ba da ƙarfin da ya saba, zafin hayaƙinsa ya hau, tazarar da ke tsakaninsa da iyakar da aka gindaya ta riƙa tsukewa. Ranar da tazarar ta ƙare, sai a sauke shi daga fiffike. Wannan tazara ita muke lissafi kullum a warsha, kuma kwaikwayo ne ke nuna mana ko kwamfireso ne ya gaji ko tabayin, ko wankin inji kawai zai wadatar. Mu da hazon hunturu yake taso mana daga kwarin Bodele na Chadi duk shekara, har a soke tashin jirage a Kano da Maiduguri, ai mu ya kamata mu fi kowa sanin wannan ilimi.

Sai dai ba na so a ɗauka kwamfuta duba take yi. Abin da ka ba ta shi za ta dafa maka. Taswirar aikin kwamfireso ta ainihin inji, wato jadawalin da ke nuna yadda yake matsa iska a kowane yanayi, sirrin kamfani ce, ɗalibi da ta gama-gari zai yi aiki, saboda haka alƙiblar da lamba ta nufa ita ce darasi, ba ita lambar ba. Ni kaina na taɓa rubuta rahoto cewa wani inji ya kusa sauka, don lissafina ya nuna zafinsa yana hawa. Wani dattijon makanike ya ce in fara duba na'urar auna zafin. Ashe ita ce ta lalace, injin lafiyarsa ƙalau. Tun daga ranar ban ƙara amincewa da lamba ba sai na san inda ta fito.

Roƙona ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama da ke Kaduna, da sassan injiniya na jami'o'inmu, shi ne kada ɗalibi ya fita bai haɗa inji ɗaya a kwamfuta da hannunsa ba. A ba shi zafin Sakkwato na watan Afrilu, da tudun Jos, da ƙurar Disamba, ya rubuta abin da ya gani. Ko bai samu aikin jirgi ba, ilimin bai faɗi ƙasa ba, domin tabayin gas da ke ba da lantarki a Geregu da Afam 'yan uwan injin jirgi ne, kuma bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, idan ya fara aiki za a nemi masu kula da irinsu a ƙofar gidanmu.

Juma'a da Asabar ne hutunmu a nan. Ni da abokan aikina biyu, ɗaya Bazazzagi, ɗaya haifaffen Makka da kakanninsa suka zo daga Katsina, mun yarda mu ba da awa biyu duk Asabar ta intanet, ba ko sisi, ga duk malamin da yake so mu zauna da ajinsa. Na bar adireshina a wurinku, Malam Edita, wanda ya nema a ba shi.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Jidda, Saudiyya