Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Shugaban NFF, Alhaji Ibrahim Musa Gusau, kan katin Mokoena da musun da aka bar magoya baya da shi

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka a hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa.

Mun rubuto ne kan wata shida da magoya bayan Super Eagles suka kwashe suna musu a gidajen kallon ƙwallo da majalisu da shafukan Facebook, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumban 2025, a kan ko FIFA za ta zabtare wa Afirka ta Kudu, abokiyar rukuninmu a wasannin neman gurbin Kofin Duniya, maki ko ba za ta zabtare ba, saboda ta sa ɗan wasanta Teboho Mokoena a wasa alhali yana da dakatarwa a kansa. Kowane ɓangare yana da mai sharhin da yake kafa hujja da shi. Wannan ya ji a rediyo an ce magana ta mutu, wancan ya karanta an ce tikitin Kofin Duniya ya kusa zuwa hannunmu. Abin da ya dame mu shi ne amsar mafi yawan tambayoyin tana rubuce a kundin ladabtarwa na FIFA, kuma hukumarka ce ta fi kowa cancantar ta zauna ta warware wa jama'a ita dalla-dalla, da harshen da suke ji. Masu sauraron Hausa dai haka suka yi ta tsintar maganar guntu-guntu.

Ga yadda abin ya faru. Teboho Mokoena, ɗan wasan tsakiya na Mamelodi Sundowns, ya karɓi katin gargaɗi a wasan Afirka ta Kudu da Jamhuriyar Benin a Nuwamban 2023, ya sake karɓar wani a wasansu da Zimbabuwe a Yunin 2024. A wasannin neman gurbin Kofin Duniya, kati biyu a wasanni biyu daban yana jawo dakatarwar wasa ɗaya kai tsaye, ba sai wani kwamiti ya zauna ba. Wasan da ya biyo baya a wannan gasar shi ne na Lesotho ranar 21 ga Maris 2025 a Polokwane. An sa shi, kuma suka ci 2-0. Da aka farga, sai aka cire shi daga wasan Benin na ranar 25 ga watan. Ranar 29 ga Satumba kwamitin ladabtarwa na FIFA ya mayar da sakamakon 3-0, nasara ga Lesotho, ya ci hukumar ƙwallon Afirka ta Kudu tarar faran 10,000 na kuɗin Suwizalan, ya kuma ja wa ɗan wasan kunne.

Ra'ayi na farko da ya yi ƙarfi a kafafen labarai shi ne cewa tunda Lesotho ba ta shigar da ƙorafi a kan lokaci ba, to an rufe ƙofa. Rabin maganar gaskiya ne. Ƙorafin wasa yana da wa'adi mai tsauri: a rubuce, a cikin awa 24 da tashi daga wasa, tare da biyan faran 1,000 wanda ba a mayarwa sai an karɓi ƙorafin gaba ɗaya. Amma sashe na 19 na kundin, wanda ya yi magana a kan sa ɗan wasan da bai cancanta ba, ya buɗe hanya biyu. Idan ta ƙorafi aka bi, hukuncin a yanke yake, wato asarar wasan da tarar da ba ta gaza faran 6,000 ba. Idan babu ƙorafi, kwamitin yana da ikon ɗaukar maganar da kansa, ya duba abin da ya dace. Rashin ƙorafin Lesotho ya canza hanyar da maganar za ta bi ne, ya kuma bar wa kwamitin damar auna hukunci, bai kashe ta ba. Wannan bambancin kaɗai, da an fayyace shi a makon farko, da ya rage rabin hayaniyar.

Akwai kuma masu cewa ai zaman da Mokoena ya yi a wasan Benin ya biya bashin. Dakatarwa tana hawa kan wasa na gaba ne a wannan gasar, ba wanda ƙungiya ta zaɓa wa kanta ba. Zaman ranar 25 ba ya goge laifin ranar 21.

A namu ɓangaren ma an yi kuskuren da ya fi wannan ciwo, domin ya shuka wa mutane fatan da ba shi da tushe. An yi ta magana kamar makin da za a cire Najeriya za a ba. Makin na wanda aka buga wasan da shi ne, wato Lesotho. Abin da hukuncin ya yi shi ne ya sauko da Afirka ta Kudu daga maki 17 zuwa 14, ya kuma rage mata ƙwallo biyar a lissafin tazarar ƙwallaye, tunda 2-0 ta koma 0-3. Wadda ta haye saman teburi a ranar ita ce Benin, da maki 14 da tazarar ƙwallo mafi kyau. Mu muna nan da maki 11, saura wasa biyu. Muka ci Lesotho 2-1, muka ci Benin 4-0 a Uyo ranar 14 ga Oktoba, Osimhen ya zura uku, muka kammala da 17. Afirka ta Kudu ta yi canjaras da Zimbabuwe, ta ci Ruwanda 3-0, ta kammala da 18. Da an cire makin da ba a cire ba, ita ce ta ɗaya, mu ne na biyu. Makin da ya hana mu tikiti a Uyo muka zubar da shi: 1-1 da Lesotho, 1-1 da Afirka ta Kudu, 1-1 da Zimbabuwe, maki shida a gida, a rukunin da aka sha gabanmu da maki ɗaya tak, kuma a hannun masu horarwa uku daban, Peseiro da Finidi da Chelle. Muna ganin musun kati ya janye hankalin jama'a daga wannan lissafin, alhali shi ne ya kamata a tambayi hukuma a kai.

Jinkirin FIFA kuwa abin zargi ne, kuma a nan muna tare da masu ƙorafi. Laifin ba ya bukatar dogon bincike, rahoton alƙalan wasa biyu da takardar jerin 'yan wasa ɗaya sun isa. Amma aka bari har aka buga wasannin Satumba, ciki har da namu da su a Bloemfontein, kowa na wasa bai san ainihin matsayinsa a teburi ba. A kwatanta da abin da ya faru a Oktoban 2024, lokacin da aka karkatar da jirgin Super Eagles daga Bengazi zuwa filin jirgin Al Abraq, 'yan wasa suka kwana a can: CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, ta yanke hukunci cikin ƙasa da mako biyu, ta ba Najeriya 3-0, ta ci Libiya tarar dala 50,000. Jinkirin ne ya ba jita-jita gindin zama, musamman zancen cewa Patrice Motsepe, shugaban CAF kuma ɗan Afirka ta Kudu, wanda gidansa ke da Sundowns, shi ya danne maganar. Babu wanda ya kawo hujja a kan haka, kuma da yawa daga masu faɗa sun haɗa gida biyu ne. Wasan Libiya na neman gurbin Kofin Afirka ne, CAF ke da iko da shi. Na Lesotho na Kofin Duniya ne, shari'arsa tana hannun kwamitin FIFA.

Ranka ya daɗe, abin da ya fi sa mu ɗaukar alƙalami shi ne mu ma mun taɓa faɗawa wannan ramin, kuma da yawa daga masu yi wa Afirka ta Kudu dariya sun manta. Ranar 10 ga Nuwamba 2017 muka buga 1-1 da Aljeriya a Constantine, da Shehu Abdullahi a cikin fili alhali yana da kati biyu, ɗaya daga wasan Swaziland a Nuwamban 2015, ɗaya daga wasan Zambiya a Uyo a Oktoban 2017. FIFA ta mayar da wasan 3-0 ga Aljeriya, ta ci NFF tarar faran 6,000. Abin da ya cece mu shi ne mun riga mun samu gurbin zuwa Kofin Duniya na Rasha tun a wasan Zambiya. Gernot Rohr, wanda yake horar da mu a lokacin, shi ne yake riƙe da Benin a 2025. A 2013 Habasha ta rasa maki uku saboda sa Minyahil Teshome a wasan Botswana, kuma Afirka ta Kudu, da take rukuni ɗaya da ita, na cikin waɗanda suka amfana a lokacin. A shekarar ce Cape Verde ta ci Tunisiya 2-0, ta yi murnar hayewa zagayen ƙarshe, sannan aka karɓe gurbin aka ba Tunisiya saboda Fernando Varela bai gama cin dakatarwarsa ba.

A duba katin Shehu da na Mokoena, za a ga inda igiyar take tsinkewa. Tazara ce. Tsakanin katin Shehu na farko da na biyu kusan shekara biyu ne, an canza zagaye, an canza mai horarwa. Tsakanin katin Mokoena na biyu da wasan Lesotho wata tara ne, kuma a cikinsu an buga wasanni shida na neman gurbin Kofin Afirka, wata gasa daban mai nata lissafin kati. Ɗan wasan da aka gan shi yana buga wa ƙasarsa a Satumba da Oktoba da Nuwamba, wa zai tuna yana da bashi a wata gasar? Ga shi doka ba ta karɓar uzurin cewa takardar sanarwa ba ta iso ba. Dakatarwar tana fara aiki nan take, kuma nauyin lura yana wuyan hukumar ƙasar da ɗan wasan yake wakilta.

Saboda haka muke roƙon a ɗora wa jami'i ɗaya, mai suna da ofis, alhakin rajistar kati ta kowace ƙungiyar ƙasa, daga Super Eagles da Super Falcons har ƙananan ƙungiyoyi. Rajistar ta zama gasa-gasa, kowane kati da ranarsa da abokin karawa da minti, a ɗauko shi daga rahoton alƙalin wasa, ba daga abin da aka gani a talabijin ba, domin kati yakan fita a cikin hargitsi ko bayan an busa tashi, wani lokaci ma ga wanda ke zaune a benci. A duba ta sau uku: kafin a fitar da sunayen waɗanda aka gayyata, a ranar taron tsare-tsare na jajiberin wasa, da kuma kafin a sa hannu a takardar jerin 'yan wasa a miƙa. Sa hannu biyu, na jami'in da na sakataren ƙungiya. Idan an canza mai horarwa ko sakatare, rajistar ta shiga cikin takardun miƙa aiki. A kuma tambayi FIFA ko CAF a rubuce duk inda aka yi shakka, a ajiye amsar.

Shi wannan jami'in ya riƙe irin rajistar ga abokan karawarmu da sauran 'yan rukuninmu. Lesotho ta tashi daga fili ba ta san tana da hujja a hannu ba. Takardar ƙorafi ta kasance a shirye tun kafin wasa, sai cike suna da dalili, kuɗin shigarwa a ware, a kuma san wanda zai sanar da kwamishinan wasa tun kafin a bar filin. A nan ma akwai abin da ya kamata magoya baya su sani, domin yana yawan kawo rigima a gasarmu ta NPFL: ba a shigar da ƙorafi a kan hukuncin alƙalin wasa na cikin fili, kamar fenareti ko satar gida. Cancantar ɗan wasa, yanayin fili, ko kuskuren ba wa wani kati a madadin wani, waɗannan su ne ake saurara.

Sai maganar bayani ga jama'a, wadda ita ce asalin wannan wasiƙar. Duk lokacin da irin wannan ta taso, ko ta shafe mu kai tsaye ko ta shafi rukuninmu, hukumar ta fitar da shafi ɗaya cikin kwana biyu, da Turanci da Hausa da Yarbanci da Ibo. Ya faɗi wace gasa ce, wa ke da hurumi, wane sashe ne ya shafi laifin, mene ne mafi ƙarancin hukunci, wa zai samu makin idan an cire, da yadda teburi zai koma. Ya kuma faɗi matakan da suka rage bayan hukunci: kwana 10 na neman a rubuto dalilan hukuncin, kwamitin ɗaukaka ƙara na FIFA, sannan kotun wasanni ta CAS da ke Lausanne cikin kwana 21. Ya fayyace ko NFF tana cikin masu shari'ar ko 'yar kallo ce, domin an yi ta kiran ku kai ƙara a kan wasan da ba mu muka buga ba, ba tare da an ce ta wace ƙofa za a shiga ba. Irin wannan shafin ya so amfani a Oktoban 2025 ma, lokacin da janyewar Eritiriya ta sa aka cire sakamakon wasanni da na ƙarshen kowane rukuni mai ƙungiya shida wajen jera waɗanda suka zo na biyu domin zaɓen masu zuwa wasan cike gurbi. Mu da Kamaru da Burkina Faso da Nijar duk muka tsaya a maki 15, ƙwallaye suka raba, kuma mutane da dama a Maraɗi da Damagaram da Katsina sun kwana suna tambayar yadda makin Najeriya 17 ya koma 15.

Masu sharhi suna da 'yancin ra'ayinsu, ba kuma muna neman a rufe bakin kowa ba. Yawancinsu ba su taɓa samun wanda ya zaunar da su a kan kundin ba ne. Zama na yini ɗaya kafin a fara kowace gasa, tare da ƙungiyar marubuta wasanni ta SWAN, a Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri kamar yadda za a yi a Abuja da Legas, da lauyan hukumar da tsohon alƙalin wasa guda, a bi sashen ƙorafi da sashe na 19 da ƙa'idar raba gardama a teburi, a raba musu fassarar Hausa su tafi da ita ɗakunan watsa shirye-shiryensu. Muna roƙon a sa shi a kasafin hukumar tun yanzu, kafin a fitar da jadawalin wasannin neman gurbi na gaba.

Allah ya yi jagora. Wassalam.

Daga wasu masu bibiyar dokokin ƙwallon ƙafa da aikin alƙalanci a arewacin Najeriya.