Masu injin CNC, ku auna wutar da injinku ke sha yana tsaye

Edita, ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana masu aikin ƙarfe, musamman masu injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa, wanda muke kira CNC.

Tun watan Afrilun 2024, da NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki, ta ɗaga kuɗin wutar Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, daga kusan naira 68 zuwa 225 kowane yunit, kafin a sauko da shi kaɗan, duk inda muka haɗu a Sharaɗa ko Bompai kukan ɗaya ne: wuta ta cinye riba. Gaskiya ne. Amma tambayi mai kukan yunit nawa ƙarfe guda ya sha kafin ya sauka daga kan injin, sai ya nuna maka lambar da aka rubuta a farantin da ke jikin injin. Wannan lambar iyakar abin da injin zai iya ja ce, ba abin da yake ja kullum ba. Da ita kuma wasunmu ke sayen janareton da ya fi ƙarfin aikinsu, yana ta shan dizal a banza.

Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne, yankan kansa ba shi ne mai cin wuta ba. Da ka kunna injin, kwamfutarsa da fankoki da famfon mai da na ruwan sanyaya haƙorin yankan duk sun tashi, ga kwamfireso yana ruri a gefe. Kamar doki ne, a yi sukuwa ko kar a yi, sai ya ci harawarsa. Wani bincike da Farfesa Gutowski na jami'ar MIT a Amurka da abokan aikinsa suka fitar a 2006 ya kawo misalin injinan kamfanin Toyota, inda ainihin yankan bai wuce kashi 15 cikin ɗari na wutar ba.

Lissafin ba wuya. Samo mitar hannu mai cafke waya, irin wadda ke nuna kilowat, ka auna injin yana kunne bai taɓa ƙarfe ba, sannan ka auna yana yanka. A ce na farkon ya ba ka kilowat 3. Idan ya yi awa 4 kullum yana jiran yaro ya ɗaure ƙarfe ko oga ya gyara zane, a kwana 26 yunit 312 ke nan, sama da naira dubu 60 a farashin Band A na 2024, ba a aske ko ƙwayar ƙarfe ba. Alhali aske kilo guda na baƙin ƙarfe, yankan zalla ba ya cin rabin yunit.

Shi ya sa nake jayayya da masu rage wa injin gudu wai don tsimin wuta. Aikin minti 20 in ya koma minti 40, ka biya famfo da fanka sau biyu. A yi gudun da masu ƙera haƙorin suka rubuta. Kar kuma a zarce, don haƙorin da dala ake shigo da shi, in ya ƙone ribar ta tafi.

Sauran kuwa tsari ne kawai: a shirya zane da ƙarfe kafin a kunna, a tara aiki iri ɗaya a yi shi a zama guda, a kashe famfo lokacin sallah da cin abinci. A bi bututun iskar kwamfireso da ruwan sabulu, duk inda ya yi kumfa kuɗi ne ke zuba.

Ina roƙon NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha, da kwalejojin kimiyya da fasaha su sa wannan awon cikin abin da ake koya wa ɗalibai. Akwai ma ƙa'idar duniya a kansa, ISO 14955. Yaran da ke zuwa mana koyon aiki sun iya rubuta wa injin umarni, amma da wuya ka ga wanda ya taɓa cafke waya da mita.

Daga wani mai aikin ƙarfe,
Sharaɗa, Kano