Godiya ga ma'aikatan asibitin matafiya na unguwarmu a Bronx

Assalamu alaikum.

Yau mako uku da dawowarmu daga Zariya, ni da yarana biyu, kuma babu wanda ya kwanta ko na yini ɗaya. Bayan godiya ga Allah, ku ne kuka fi cancanta da ita. Na riga na yi muku baki da baki, wannan kuwa da Hausa na rubuta ta, don 'yan'uwa da ke nan Amurka su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa tun kafin su ɗaure kaya.

Gaskiya ba neman shawara ya kai ni wajenku ba. Allurar zazzaɓin shawara na je yi wa yara don a ba su katin nan mai ruwan ɗorawa, tunda ba kowane likita ke da izinin buga hatiminsa ba. Niyyata minti goma in fito. Sai nas ɗinku, wata dattijuwa mai tabarau rataye a wuya, ta ce in miƙo fasfo ɗinmu. Ta buɗe na babbar, ta juyo da shi gabana, ta ɗora farce a kan kwanan wata. Saura wata huɗu ya mutu. Ni a zatona shekara goma yake yi irin nawa, ashe na yaron da bai kai shekara 16 ba biyar kacal yake yi, ga shi Najeriya na son a shigo da mai sauran wata shida aƙalla. Ta ce kuma sai uwa da uba sun bayyana tare wajen sabuntawa, in ɗaya ba zai samu zuwa ba ya cike takardar amincewa mai suna DS-3053 a gaban notari, wato jami'in da ke shaida sa hannu. Maigida direban babbar mota ne, yana can Teksas a lokacin, to takardar nan ce ta fitar da mu. Da ba ta duba ba, sai wajen neman biza za mu ga ta kanmu, alhali an riga an sa ranar bikin ƙanena.

Inda muka ja da ita shi ne maganin maleriya. Na ce mata, "Malama, ni cikin sauro aka haife ni, kuma a hunturu za mu je." Ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni shekara nawa da barin gida, na ce goma sha huɗu. Ta ce ɗan kariyar da jiki ke samu saboda yawan cizo ba gado ba ce, gushewa take yi in mutum ya daɗe a waje, yaran kuwa ba su taɓa samunta ba. Kusan mutum 2,000 ake samu da maleriya a Amurka duk shekara, da yawansu irinmu ne masu zuwa ganin dangi, don mu ne ke raina ta. Hunturu yana rage sauro, ba ya ƙarar da shi. Ta rubuta mana Malarone, na yara daidai nauyinsu: a fara kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, a sha kullum da abinci, a ci gaba kwana bakwai bayan dawowa. Da na kawo zancen kulorokwin ɗin da muka tashi da shi, ta ce cutar yankinmu ta daɗe da daina jinsa.

Ba sayar da allura kuke yi ba, wannan na shaida. Tsohon katina da na ɗauka ya mutu, ta ce in adana abina, tun Yulin 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Na yara kuma sai ya kwana goma kafin ya fara aiki. Auta tana wata goma, aka yi mata ta ƙyanda tun lokacinta bai yi ba saboda tafiya, rana ɗaya da ta shawara, don in aka raba su sai an jira mako huɗu. Ta sanƙarau ma mun yi, tunda daga Disamba zuwa Yuni ne lokacinsa a Arewa. A bakin ƙofa ta tuna mini cewa Medicaid, inshorar lafiyar gwamnati, ba ya biyan asibitin ƙasar waje, in sayi inshorar tafiya, in kuma yi mana rajista a STEP, shirin gwamnatin Amurka na rajistar matafiya, don saƙonnin ofishin jakadancin Amurka da ke Abuja su riƙa iso mu.

A gida na sha tsiya. Kullum da safe in na murƙushe wa Auta ƙwaya cikin koko, sai Hajiya ta tafa hannu ta ce, "Yau ga jikokin Turawa!" Ba a yi mako ba ta karɓe aikin, ita ke ƙwala mini kira daga ɗaki ko an ba su, ita ke tura bakin gidan sauro ƙarƙashin katifa da magariba.

Mun cika kwana bakwai ɗinmu. Gargaɗinku na ƙarshe yana manne a jikin firij: duk wanda ya yi zazzaɓi cikin shekarar nan, a tafi asibiti a ranar, a fara faɗa wa likita daga Najeriya muka dawo. Na so in kawo muku kilishi, amma kwastan na nan ba sa barin nama ya shigo. Akwai jakunkunan fata biyu da na bari wajen mai karɓar baƙi, jar ta mai tabarau ce.

Allah ya saka da alheri.

Taku,
Wata Bazazzagiya a Bronx