Kira ga masu tsofaffin bindigogi masu baki biyu

Assalamu alaikum Edita. Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya, wato tsofaffin bindigogin nan masu baki biyu da iyayenmu suka rasu suka bari.

Ni na tashi na ga Baba da tashi bindigar, ƙirar Ingila ce, sunan Greener na Birmingham na nan a jikinta har yau, ƙotar ta yi santsi saboda riƙo. In an gama girbi sanyi ya shigo sai ya ɗauke ni da asuba mu nufi wajen dam ɗin Daberam, ya harbo zabin daji ko fakara biyu uku mu dawo, ba ya ƙarawa, kuma da ruwa ya sauka ya rataye ta kenan don ya ce lokacin ƙwai ne. Duk ranar da ya fita sai ya zauna kan tabarma ya ɓalle ta, ya zura tsumma da mai, ya ɗaga bakin sama ya leƙa ya ga haske sannan hankalinshi ya kwanta.

To abin da ya sa na rubuto, kwanaki wani ɗan ƙanena ya zo mani da murna wai ya samo irinta a gidan kakanshi na wajen uwa zai gwada. Da na karɓa na duba sai gabana ya faɗi, bakin duk zane-zane ne kamar an murɗa igiya, irin wanda ake ce ma Damaskus, ƙarfe ne aka nannaɗe aka haɗa da wuta, kuma don baƙin albarushi irin na da can aka yi shi. Harsashin yanzu ya fi ƙarfinshi nesa ba kusa ba, ga tsatsa tana shiga tsakanin murɗin ta ci daga ciki ido bai gani ba, in ya tsage kuwa daidai inda hannun hagu ke riƙe zai tsage. Ko wadda ba Damaskus ba ma akwai maganar tsawo, da yawa cikin tsofaffin na Ingila mazaunin harsashinsu milimita 65 ne, na kasuwa yanzu 70, zai shiga lafiya lau ka rufe ka ce ai daidai ne, alhali ba daidai ba ne. In ka cire bakin ka juya ƙasanshi akwai tambarin gwaji da Turawa suka buga, nan za ka gane abin da aka yi ta don shi.

A Turai masu tara irin waɗannan suna zuba kuɗi sosai a kan ƙirar Purdey ko Holland & Holland, mu nan wallahi sai ka ga an kai wa mai walda ya yanke baki, ko a sayar wa duk wanda ya taya, a wannan hali na tsaro da jiharmu ke ciki, ba ka san hannun da za ta faɗa ba. Sannan jama'a su sani lasisi ba a gadonshi kamar gona, dokar makamai ta 1959 tana nan, takardar mahaifinka ba taka ba ce.

Roƙona ga rundunar 'yan sanda ta jihar Katsina, ku fito a rediyo da Hausa ku gaya wa magada inda za su je da abin da za su yi ba tare da tsoro ba, don da yawa tsoro ne ya sa suka tura ta ƙarƙashin gado. Gidan tarihi na Katsina kuma ya buɗe ƙofa ya karɓi waɗanda ba su harbuwa, a rubuta sunan mai ita a ajiye. Ta yaron nan dai na hana shi, na ce ya mayar wa kawunnanshi su yi shawara, ni zan raka su.

Naku,
Wani mai karatu daga Daura