A daina yi wa mai keke kallon wanda ya karye

Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni fili kan tumbin nan da ya addabi magidanta, mutum ya wuni zaune a shago, ya sha lemon kwalba, da daddare ya danna tuwon shinkafa ya kwanta, wai shi hutu, alhali hawan jini da ciwon suga na tafe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, keke ma ya isa wallahi, amma kana hawa sai a ce ka karye. Mata ko tsallen igiya a tsakar gida, a rage mai, a ƙara zogale da wake. Gwamnati kuma ta ware mana hanyar keke, 'yan adaidaita na matse mu.

Mai karatu daga Kano