Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gilbert Houngbo, Shugaban Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya: ma'aikatanmu na tsufa a bakin inji

Ranka ya daɗe, Mai girma Darakta Janar,

Gaisuwa da fatan alheri. Ba zan cinye maka lokaci ba, kai tsaye zan shiga abin da ya kawo ni.

Ina da ƙaramar masana'anta ta sarrafa ƙarfe. Babban ma'aikacinmu ya haura shekara sittin, kuma duk abin da na sani a wannan sana'a, rabinsa a gefensa na koya. Mutum ne da zai ɗora tafin hannunsa a jikin inji, ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce a kashe shi don ba zai kai yamma ba. Idan aka kwance sai a tarar da gaskiyarsa. Bara muka fara samun kayan da awonsu bai yi daidai ba, masu saye suna dawo mana da su. Na yi ta zargin inji, na yi ta zargin yara sababbi, har ranar da na hango shi ya kira wani yaro gefe yana raɗa masa ya karanta masa lambobin ma'auni. Ashe idonsa ne ya yi rauni, ya kuma yi watanni yana ɓoyewa. Da na zaunar da shi na ce don Allah me ya hana ka gaya mini, sai ya sunkuyar da kai ya ce: "Maigida, in ka sallame ni, wa zai ɗauke ni da wannan furfurar?" Tabarau, fitila mai haske da gilashin ƙara girman rubutu su ne suka warware matsalar cikin mako guda. Amma maganarsa ba ta bar ni ba har yau, domin tsoron nan nasa yana da dalili, kuma dalilin yana kan teburinka.

Ka fi ni sanin cewa abin da ƙungiyarka ta tanada musamman domin ma'aikata masu manyan shekaru shi ne Shawara ta 162, wadda aka amince da ita a 1980. Na karanta ta, kuma babu abin ƙi a cikinta. Ta ce kada a nuna wa ma'aikaci bambanci saboda shekarunsa, a daidaita wurin aiki da ƙarfinsa, a rage masa sa'o'i inda aikin ke cin jiki, a bar shi ya sauka zuwa ritaya sannu a hankali maimakon a yanke masa aiki rana ɗaya. To amma shawara sunanta shawara. Ba a rattaba mata hannu, ba ta ɗaure kowace gwamnati. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan ba a ɗaga ta zuwa yarjejeniya ba. Yarjejeniya ta 111 kuwa, ta 1958, wadda ta haramta wariya a wurin aiki, ta lissafa launin fata, jinsi, addini, ra'ayin siyasa da asali, amma ba ta ambaci shekaru ba. An bar wa kowace ƙasa ta ƙara da kanta in ta ga dama. Wasu sun ƙara: Amurka tana da dokarta tun 1967 mai kare wanda ya kai arba'in, Tarayyar Turai ta yi tata a 2000. Sauran ma'aikatan duniya fa? Wannan shi ne kukana, ranka ya daɗe, kuma a kansa zan tsaya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gwamnatoci ba su jira ku ba wajen ɗaukar ɓangaren da ya yi musu daɗi. Jamus tana hawa zuwa ritaya a shekara 67. Faransa ta zartar da ɗaga nata daga 62 zuwa 64 a 2023, duk duniya ta ga yadda tituna suka cika da masu zanga-zanga. Sin ta fara ɗaga nata a Janairun 2025, maza daga 60 zuwa 63 cikin shekara goma sha biyar. Japan, inda kusan kashi 29 cikin 100 na jama'a sun kai 65, tun Afrilun 2021 take neman kamfanoni su yi ƙoƙarin bai wa ma'aikaci damar aiki har zuwa 70. Na fahimci dalilinsu, asusun fansho ba ya ƙarya. Amma ƙara shekaru a takarda aiki ne na minti biyar. Wanda zai tsaya a kan siminti awa takwas da gwiwar da ta riga ta gaji, ba ministan kuɗi ba ne. Wanda zai duba fuskar wannan mutum kowace safiya ya rasa ko ya ba shi aikin ɗaga kaya ko ya hana shi ya ji an raina shi, ni ne da ire-irena. An ce mutum ya daɗe yana aiki, ba a ce komai ba game da yadda aikin zai kasance. An ɗora wa jaki kaya, an manta da akumari.

Kuma ba wai ba a san maganin ba. A 2007 kamfanin ƙera motoci na BMW ya gwada wani abu a masana'antarsa ta Dingolfing da ke Jamus: ya tara ma'aikata a layi guda yadda matsakaicin shekarunsu ya zama 47, ya tambaye su abin da ke damunsu, sannan ya yi ƙananan gyare-gyare kusan 70. Daɓen katako maimakon mai tauri, takalma masu taushi, kujerun da mutum zai ɗan zauna, gilashin ƙara gani, da sauya wa mutum wurin tsayuwa cikin yini don kada gaɓa ɗaya ta sha wahala ita kaɗai. Cikin shekara guda aikin layin ya ƙaru da kashi 7 cikin 100. Ranar da na karanta wannan labari takaici ya kama ni, don ni sai da na yi asarar kaya da ta masu saye kafin na gano abin da wasu suka sani tun shekaru da dama. BMW yana da likitoci da injiniyoyi da za su zauna su yi masa wannan nazari. Mu ƙananan masana'antu, waɗanda yawancin ma'aikatan duniya ke cin abinci a hannunmu, lalube muke yi cikin duhu. Jami'in duba wuraren aiki idan ya zo, tukunyar kashe gobara yake tambaya, ba ya tambayar yadda tsoho ke tsayuwa a bakin inji, domin babu dokar da ta sa shi ya tambaya.

Bari in tuna maka alkawari. A Sanarwar cika shekara ɗari ta 2019, ƙungiyarka ta rubuta da hannunta cewa za ta goyi bayan matakan da za su bai wa tsofaffin ma'aikata damar yin aiki cikin lafiya da mutunci har zuwa ritayarsu. Kai kuma da ka karɓi ofis a Oktoban 2022, adalcin zamantakewa ka sa a gaba, har ka kafa masa gamayya ta duniya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2021 zuwa 2030 a matsayin shekaru goma na tsufa cikin lafiya, ga shi mun wuce tsakiyarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zuwa 2030 mutum ɗaya cikin shida zai kasance ya kai sittin, kuma zuwa 2050 adadinsu zai kai biliyan 2.1, mafi yawansu a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi. Ka yi firaminista a Togo, ka yi mataimakin shugaba a wannan ƙungiya kafin ka zama shugaba, ba wanda zai koya maka yadda ake tura magana gaba. Na san ba kai kaɗai ke yin yarjejeniya ba, sai gwamnatoci da masu ɗaukar aiki da ƙungiyoyin ƙwadago sun zauna. Amma ofishinka ne ke kai wa Hukumar Gudanarwa ta ƙungiyar shawarar abin da za a tattauna. Kun yi hakan kan cin zarafi a wurin aiki har aka samu Yarjejeniya ta 190 a 2019. Don girman Allah, me ya hana a yi wa wannan?

Akwai sauran abubuwa da zan so in faɗa. Shawara ta 208 ta 2023 kan koyon sana'a ta yi kyau, sai dai ina so a haɗa ta da wannan batu, a biya tsoho domin lokacin da ya ɓata yana koyar da yaro, don ilimin da ke hannunsa ba a rubuce yake ba. Ga mata da maza masu shekara hamsin da ke riƙon iyaye marasa lafiya, suna zuwa aiki ba barci. Ga kuma mutum sama da biliyan biyu da ke aiki ba rajista ba fansho, waɗanda ritayarsu ita ce ranar da jiki ya ƙi tashi. Kowanne wasiƙa ce mai zaman kanta.

Roƙona a yau guda ne. Ka kai batun tsofaffin ma'aikata gaban Hukumar Gudanarwa domin a sa shi cikin ajandar Babban Taron Ƙwadago na Geneva, da nufin samar da yarjejeniya mai ɗaure ƙasa: shekaru su shiga jerin abin da aka hana wariya a kansa, duk gwamnatin da ta ɗaga shekarun ritaya ta ɗauki nauyin taimaka wa ƙananan masana'antu su gyara wurin aiki, kuma a halatta ritaya ta sannu a hankali ba tare da fanshon mutum ya ragu ba.

Shi dattijon namu yanzu kwana uku yake zuwa a mako, kuma na ba shi yara biyu su zauna kusa da shi. Yarjejeniyar baka ce tsakanina da shi. In na faɗi gobe, ko na sayar da masana'antar, babu takarda ko ɗaya da za ta tilasta wa wanda ya gaje ni ya ci gaba da ita.

Ka huta lafiya.

Naka,
Mai ƙaramar masana'antar ƙarfe