Wasiƙar makaranta zuwa ga iyaye: maganar littattafan labarin kare da muka fara da yara

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yaranmu, barkanmu da war haka, ya sanyi ya ƙurar nan ta Kaduna, Allah ya ba mu lafiya.

Tun da zangon nan ya kama wasunku suke tsayar da ni a bakin get, wasu kuma a WhatsApp, wai Malama me ya kawo labarin kare cikin karatun yara, har wata mahaifiya ta ce min ɗanta ya ishe ta da maganar wata Lassie ko tuwo ba ya bari ta tuƙa. To ga bayanin.

'Yan aji huɗu da biyar muke karanta wa Lassie Come-Home, wanda Eric Knight ya fitar a 1940, amma sauƙaƙƙen bugu ne daidai Turancinsu. Labarin wani yaro ne Joe a yankin Yorkshire na Ingila, babansa ya rasa aiki, talauci ya sa aka sayar da karyarsa Lassie, aka kai ta can Sikotland, ita kuma ta tsere ta yi ta tafiya a ƙasa da yunwa da ciwo har ta dawo. Kullum ƙarfe 4 take jiran Joe a ƙofar makaranta, to ranar da muka kai inda ya fito bai ganta ba wallahi ajin tsit ya yi, wata yarinya da tun farkon shekara ban taɓa jin muryarta ba ta ɗaga hannu ta ce Malama ai babansa ba mugu ba ne, babu ce ta sa. Ni wannan maganar kaɗai ta biya ni, don yarinyar ta karanta kuma ta gane.

'Yan aji shida kuma The Call of the Wild na Jack London ne, na 1903, shi ma a taƙaice don akwai wuraren da ake dukan kare da ba mu so su ji.

Na san damuwar wasunku ta addini ce, kuma ban raina ta ba. Ba mu ce yaro ya kawo kare gida ba, hukuncin wannan yana wajenku da malamansu na Islamiyya. Amma yaran da kansu suka tuno mana karen Ashabul Kahfi da ke miƙe da ƙafafunsa a bakin kogo, da hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa Allah ya gafarta masa, yaranmu Kiristoci ma suka kawo labarin karnukan gadi na gidajensu.

Mun kuma ja musu kunne sosai cewa karen layi ba Lassie ba ne, kar su jefe shi kar su taɓa shi, in kuwa tsautsayi ya sa ya ciji yaro a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 a wuce asibiti nan take saboda ciwon haukan kare, kar a tsaya jiƙe-jiƙe a gida.

Roƙona dai, in yaro ya zo da littafin ranar Juma'a a ba shi ko minti goma ya ba ku labarin da Hausa, ko ba ku jin Turanci ba komai, sannan don Allah a dawo mana da shi Litinin ba tare da tabon miya ba, kwafin ba su da yawa.

Taku,
Shugabar makaranta